Gwiwar Dada da Barandar Malama Sunanda

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai, a layinmu na Nassarawo, har a gidan biki, magana ɗaya ce: "Malama Hapsatu, yaya Indiya? Da gaske ne suna rawa a kan duwatsu?" To bari in ba ku amsa gaba ɗaya kowa ya huta. Ban ga mai rawa a kan dutse ba. Abin da na fi kallo a ƙasar Indiya bangon wata baranda ne da tukunyar fure a gindinsa, kuma in kun yi haƙuri za ku ji dalili.

Mahaifiyata na kai, Dada, aka yi mata aikin gwiwa. Duk wanda ya san ta a Yolde Kohi ya san mace ce da ba ta iya zama ba. Da ƙwaryar nono a ka ta yi ƙuruciyarta, ta tako har cikin Jimeta ta sayar, ta koma da ƙafa. Bayan ta bar talla ma, babu suna ko gaisuwar mutuwa da za a yi a unguwa ba a ga takalmanta a ƙofa ba. Sai gwiwar dama ta fara ciwo, tun tana ɗingishi har ta koma jan jiki. Likitocinmu na nan suka ce gaɓar ta cinye, sai dai a sa mata wata.

Ranar da za mu tashi, ƙannena maza biyu suka ɗauko ta a kujerar roba. Suka ratsa tsakar gida da ita, suka tsallake dokin ƙofar zaure, ga maƙwabta sun cika ƙofar gida, har da surukanta maza. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Da aka zaunar da ita a mota sai ta ce, ba ta dubi kowa ba, "Wannan shi ne na ƙarshe. In an sake ɗaukata a ƙofar nan, to a makara ne." Ni kuwa na ƙudura a raina da ƙafarta za ta koma gidan nan, ko ana ha maza ha mata.

Sai dai mun tafka kuskure tun daga gida, irin wanda mu da muka san al'adar bai kamata mu yi ba. Ni ce 'yar farinta. Ga wanda bai sani ba, a wajenmu Fulani uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta hira da shi, ba ta cin abinci yana kallo. Ni abin ya zo mini biyu, don sunan uwar mijinta aka sa mini. Tun da aka yaye ni Goggo, ƙanwar babanmu, ta ɗauke ni. Na girma ina jin Dada tana ce mini "waccan", in kuma tana son abu a wurina sai ta gaya wa iska: "A miƙo buta." Autarmu Dudu ce 'yar ɗakinta, ita ya kamata ta je, amma cikinta ya tsufa. Maza kuma ba sa jinyar mace. Ga ni da Turanci, ga fasfo a hannu, sai aka ce Adda Hapsatu ta je.

Goggo ce kaɗai ta ƙi. Ta ce, "Wa ya taɓa ba mace 'yar farinta jinya? Ko ruwa ba za ta sha a gabanki ba."

Na ce, "Goggo, zamani ya canja."

Ta ce, "To je ki gaya wa uwarki, ita labarin bai iso ta ba."

Shawarar guzuri kuwa a kasuwar Jimeta na same ta, wajen Madam Ngozi mai shagon kayan masarufi, wadda ta taɓa kai mijinta can aikin ido. Ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, kai ka ji magana na. Mutanen can ba ya cin nama, sai ganye-ganye. Abeg ka ɗauki yaji, ka ɗauki kuka da daddawa. Mama ba zai iya abincin su ba o." Na bi maganarta, na cika gefen akwati.

Daga Yola jirgi ya kai mu Abuja, daga Abuja zuwa Habasha, daga can sai Mumbai. Tun a jirgin farko maganar Goggo ta fara tabbata. Aka ajiye wa Dada abinci, ta kalli taga. Aka ɗauke, aka kawo wani a jirgi na biyu, ta sake kallon taga. Da na ga za ta galabaita sai na tashi na je bayan jirgi na tsaya kamar mai jiran bayi, na daɗe har wata ma'aikaciya ta tambaye ni ko lafiya. Da na dawo na tarar faranti fes, Dada na jan carbi, fuskarta kamar ba ita ba. Na koma kujerata na zauna.

A wajen jami'an shige da fice na Mumbai ne muka kusa kwana a tsaye. Bizata ta mai rakiyar marar lafiya ce, don haka jami'in ya so ya tabbatar mun san juna. Ya dubi Dada a keken guragu ya ce ta faɗi sunana. Na fassara mata. Ta sunkuyar da kai. Ya maimaita, ya ce suna ai ba ya bukatar tafinta, ta faɗa da bakinta ya ji. Na ce, "Dada, don Allah, sau ɗaya kawai." Ta gyara mayafi ta ce, "Ai yana rubuce a takardar da ke hannunsa. Ko bai iya karatu ba ne?" Wannan ban fassara ba.

Layi ya yi tsawo a bayanmu, zufa ta karyo mini. Na yi ta bayani, mutumin yana ƙara ɗaure fuska, don a ganinsa wace uwa ce ba ta san sunan 'yarta ba? Sai wata jami'a mai manyan shekaru ta matso ta saurara. Da ta gane sai ta tuntsire da dariya. Ta ce uwarta ta yi zaman aure har ta tsufa ba ta taɓa furta sunan mijinta ba, a ƙauyensu haka ake yi. Ta yi wa abokin aikinta magana da harshensu, ya kaɗa kai, ya buga hatimi. Ta haɗa tafukanta ta gaida Dada. Dada ta ce mata, "Useko," wato na gode, ta kuma ce wa iska, "Ga mai hankali."

Asibitin a wani gari yake mai suna Pune, tafiyar wasu awoyi a mota daga Mumbai. Direban da aka turo mana duk abin da na tambaye shi sai ya kaɗa kai gefe da gefe. Mun kusa? Ya kaɗa. Akwai wurin sallah? Ya kaɗa. Na ɗauka a'a yake nufi, har na fara jin haushinsa, ashe to yake cewa. Hanya ta hau duwatsu, ta shige ramukan da aka fafe a cikinsu, damina ta sauka, ruwa na zubowa ta ko'ina. Dada ba ta kula da wannan duka ba. Shanu ta gani a bakin titi da muka shiga gari, suna yawo su kaɗai, wata tana cin takarda a juji. Ta ce, "Ina mai su?" Na ce an ce girmama su ake yi, ba a yanka su. Ta yi tsaki ta ce, "Girmamawa ba makiyayi? Ai maraici ne."

Masaukinmu ɗaki ne da ɗan kicin a gidan wata tsohuwa, Malama Sunanda, wadda ke ba masu jinya haya kusa da asibitin. Siririya ce, kanta fari fat, tana ɗan ɗingisawa. Dokokinta biyu: ba a shiga da takalmi, ba a dafa nama. Washegari na kaɗa miyar kuka na jefa daddawa. Ban sauke ba sai ga ta tana shinshina lungu-lungu da tsintsiya a hannu, wai ɓera ya mutu a wani wuri. Da na nuna mata daddawar ta ja da baya. Can ta koma ɗakinta ta ɗauko wani ɗan gwangwani na garin da suke sa wa wake, ta buɗe mini a hanci. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Muka kalli juna muka fashe da dariya, daga ranar ba wadda ta sake yi wa wata gori.

Madam Ngozi ta yi gaskiya a kan nama, amma akwai abin da ba ta gaya mini ba. Mutanen yankin gero da dawa suke ci kamar mu, suna yin wata gurasa da su, kuma kowane gida da kindirmonsa. Ranar da na samo garin gero na dama wa Dada fura da kindirmon Malama Sunanda, na ajiye na fita baranda, na dawo na tarar ko wanki ƙwaryar ba ta bukata.

Kafin ranar aiki mun yi kwanaki ana gwaje-gwaje, a nan hira ta ƙullu. Ashe Malama Sunanda malamar makaranta ce kamar ni, sai dai ita ta yi ritaya. Tsofaffin harsuna biyu ta koyar, Sanskirit da Pali, waɗanda yanzu ba a ciniki da su a kasuwa, sai a littattafai da wuraren ibadarsu. Ni kuma da son jin asalin kalma kamar ƙuda da rake. Da yamma sai ta zauna a bakin ƙofarmu, ina fassara tsakaninta da Dada, Dada tana ba iska amsa.

Ta ce a harsunan akwai wata 'yar saiwa, gam, ma'anarta tafiya, kuma kalmomi da yawa daga ita suka tsiro. Gaccati, yana tafiya. Gati, tafiyar kanta, da kuma inda mutum ya dosa. Tsuntsu khaga ne, mai tafiya a sarari. Dutse da bishiya aga ne, waɗanda ba sa tafiya. Duniya ɗungurungum jagat suke ce mata, wato mai tafiya ba tsayawa. Ta ƙara da cewa tsofaffin malamansu har sunan saniya, gau, daga nan suke cewa ya fito, ko da yake malaman yanzu suna musu. Wannan ya sa Dada ta ɗago kai. Ta ce, "A gaya mata na dā sun fi gaskiya. Saniyar da ta daina tafiya wuƙa take jira." Sannan ta dafa gwiwarta ta ce, "Ni dai yanzu dutse ce."

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Washegari ma'aikatan jinya suka tayar da ita da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Na ce suka tayar da ita ne don haka aka gaya mini. Ina ɗakin ta ƙi motsi, sai da aka aike ni karɓo magani, na dawo suna ta yaba mata wai ta kai ƙofa ta dawo. A gaban baƙi ba ta da matsala. Ni ce matsalar.

Da aka sallame mu muka koma masauki, abin ya fito fili. Mai koya mata motsa ƙafa takan zo da safe ta yi ɗan lokaci ta tafi, sauran yinin nawa ne. An ce ta riƙa tafiya sau da yawa a rana, da mutum a kusa da ita don kada ta faɗi, kuma abin da ciwo, ciwon da ke sa babba nishi. Dada kuwa ta gwammace ƙafar ta bushe da ta yi nishi ko tangaɗi a gaban 'yar farinta. In na ce a tashi sai ta juya wa bango fuska ta ce, "Anjima." Anjima ta zama gobe, gobe ta zama jibi.

Da muka koma ganin likita ya lanƙwasa ƙafar, ta tsaya a rabin hanya. Ya cire tabarau ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye. Ya ce nama yana warkewa ne a yadda aka bar shi. In ba ta taka ta lanƙwasa ba a 'yan makonnin nan, gwiwar za ta kafe, kuma sabuwar gaɓar ba za ta amfane ta da komai ba.

Ranar na yi abin da ban taɓa yi ba, na tsaya a gaban gadonta na yi mata magana kai tsaye. Na ce, "Dada, ni fa 'yarki ce. Ke kika haife ni. In kin yi nishi a gabana me zai faru? Kujerar nan tana nan tana jiranki a Yolde Kohi." Ta rufe ido ta ce, "A bar mutum ya huta." Na fita baranda zuciyata na tafasa. Zan faɗi gaskiya, ba gwiwar kaɗai ke cina ba. Shekara da shekaru ina kallon Dudu tana kwanciya a cinyarta, ni ko hannuna ba ta taɓa riƙewa ba. Na rako ta har bangon duniya, amma baƙuwar da ba ta jin yarenta ta fi ni dama a jikinta. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Malama Sunanda ta same ni ina wanke-wanke ina buga kwanoni. Ta ce, "Sansara." Na ce mene ne kuma? Ta ce asalin kalmar gudana ne, irin na ruwa, a yi ta zagayawa ana wucewa. A littattafansu ana nufin mutuwa da sake haihuwa ba iyaka, amma matan garin in sun ce sansara, hidimar gida suke nufi, dafa, wanke, sake dafawa. Na ce mata ni Musulma ce, mutuwa ɗaya na sani da tashi ɗaya, amma sansara ta kwanoni kam na yarda da ita. Sai ta ba ni wata kalmar don ta lallashe ni, anicca da Pali, anitya da Sanskirit. Nicca shi ne abin da ya dawwama, a ɗin farko kuma yana kore shi, wato babu abin da ke zama yadda yake. Na ce, "Malama, wannan ko a Jimeta mun sani, kullum ana gaya mana duniya ba matabbata ba ce. Amma likita ya ce gwiwar nan tabbata za ta yi." Ba ta ji haushi ba. Ta ce gaskiyata, kalma ba ta lanƙwasa ƙafa.

Kullum da safe takan yi wani abu a barandar da na ɗauka motsa jiki ne kawai. Ta taso daga ƙofarta a hankali, ta kai bango inda tukunyar fure take, ta tsaya, ta juyo, ta koma. Ba ta duban kowa, ko ka gaishe ta sai ta gama. Na tambaye ta, ta ce sunansa cankama da Pali. Daga kram ya fito, wato taku, aka ninka farkon kalmar don a nuna maimaitawa: taku, da sake taku, kai da komo a ɗan gajeren wuri. Masu zuhudun addinin Buddha ne ke yi, musamman da damina, lokacin da suke daina yawo su zauna wuri ɗaya. Na ce kamar Fulaninmu a mashekari, inda suke yada zango da shanunsu. Ta ce ƙa'idar ita ce ka sauke ido ƙasa, kada dubanka ya wuce tsawon karkiyar shanun noma. Ba ka kallon kowa, kuma ba inda za ka je, takun ne kawai. Da haka ta koyi tafiya bayan ta karye a ƙugu.

Rannan da yamma Malama Sunanda ta shigo da tukunyar madara za ta haɗa kindirmo a gaban Dada, don ta lura zancen nono ne ke sa Dada magana. Ta ce wannan shi ne misalin da malamansu ke bayarwa in za su bayyana parinama, wato juyewar abu ya zama wani ba tare da ya bar asalinsa ba. Madara ta zama kindirmo, ɗanye ya nuna. Ta ce saiwar kalmar nam ce, lanƙwasawa ko sunkuyawa, ita ce a cikin gaisuwarsu ta namaste. A wurinsu abu ba ya canjawa sai ya lanƙwaso. Tana magana tana ɗaga murfi tana leƙawa.

Dada ta kasa haƙuri. Ta ce, "A gaya mata ta bar buɗewa. A zuba ɗan na jiya, a rufe, a juya masa baya. Nonon da ake kallo ba ya kamawa."

Na fassara, Malama Sunanda ta yi dariya ta ce ita ma kakarta haka take faɗa, rashin haƙuri ne irin na malamai. Su biyu suka ci gaba da gardamar ɗumin madara. Ni kuwa sai na tuna farantin cikin jirgi, da ƙwaryar fura, da ranar da aka aike ni karɓo magani. Duk abin da Dada ta yi a tafiyar nan, a bayan idona ta yi shi. Ni ce na nace sai ta yi ina kallo.

Da safe na gaya wa mai koya mata tafiya dabarata, ta gwada tsayuwar da kanta ta ce ba laifi. Bayan ta tafi na jira. Wajen hantsi ruwa ya kece, rufin barandar kuwa kwano ne, in ana ruwa ko kiran sallah ba ka ji. Na shiga ɗaki. Na tsaya a bakin gado na juya mata baya, na ɗan rusuna, idona a ƙasa. Sannan na ce wa iska, irin yadda take yi, "Ga kafaɗa nan in ana so. Mai kafaɗar ba ta gani, ruwa kuma ya hana ta ji."

Na daɗe a haka har bayana ya fara ƙagewa. Na riga na yanke cewa ko zuwa la'asar ne ba zan motsa ba. Taurin kai dai a nononta na sha shi. Can sai na ji gado ya yi ƙara. Hannu ɗaya ya sauka a kafaɗata ta dama, sannan ɗayan. Hannun uwata ke nan a jikina, karo na farko da na sani. Yana da zafi, yana da ƙarfi fiye da yadda na zata.

Muka fita baranda. In ɗaga ƙafa in ajiye, in jira in ji nauyinta ya biyo ni. Tana nishi, ina ji sarai, ruwa bai kai ya rufe shi ba, amma na yi kamar kurma. Muka kai bango da tukunyar fure, muka yi kwana a hankali ita tana bayana, muka koma. Malama Sunanda ta leƙo ta gan mu, ta sauke idonta ta koma ciki.

Haka muka yi ta yi, safe da rana da yamma, da ruwa da babu ruwa. Na san kowane tsagu na bangon nan, na san ranar da furen ya fito da sabon ganye. Ban taɓa waiwayawa ba ko sau ɗaya. Da kafaɗata nake gane yadda ake ciki. Da fari yatsunta har shatar su suke bari a jikina. Daga baya nauyin ya ragu, ya koma hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da sanda. Aka zo hawa matakalar ƙofa, nan ma ina gaba tana baya. Wata rana ta faɗa wa iska, "Ana sauri da yawa," wata rana kuma, "Yau an zama hawainiya." Da muka koma wajen likita ya lanƙwasa ƙafar ta tafi yadda yake so, ya tambaye ni me muka yi. Na ce cankama. Ya kaɗa kai irin nasu, ban san ko ya gane ba.

Ranar da za mu taho, Malama Sunanda ta ba Dada ɗan gwangwanin garin nan mai wari, Dada ta sa na ba ta ragowar daddawa. Na tabbata har yau ba wadda ta buɗe nata. A filayen jirgi kuwa keken guragu aka yi ta tura Dada da shi saboda nisan wuraren. Ta yarda, ta ce wannan ba ƙofar gidanta ba ce.

Mun sauka Yola da rana tsaka, zafin garinmu ya tare mu kamar ya yi kewarmu. Da mota ta tsaya a Yolde Kohi, ƙofar gida ta cika fiye da ranar da muka tafi. Ga Goggo, ga surukai, ga Dudu da jaririyarta a kafaɗa. Sai ga ƙannena sun fito da kujerar robar nan, ita dai, don ba wanda ya gaya musu komai. Dudu ta miƙa jaririyar ta ruga ta buɗe mota tana cewa, "Dada, kawo hannunki."

Dada ta dubi kujerar, ta dubi hannun Dudu. Ta ce, "A kauce. A ce wa waccan ta juya."

Na juya. A gaban mutanen unguwa duka hannunta ya sauka a kafaɗata. Na sauke ido ƙasa muka fara takawa, wuri ya yi tsit, sai ƙarar sandarta. Muka iso dokin ƙofar zaure, wanda aka tsallake da ita a kujera. Yana da tudu, sai an lanƙwasa gwiwa sosai. Na tsallaka na tsaya ina jiran nauyinta ya biyo ni.

Sai na ji hannun ya ɗaga. Kafaɗata ta zama wayam. Ban waiwaya ba, na saba. Na ji sanda ta dira a cikin zaure, na ji taku ɗaya, na ji na biyu. Sai ga mayafinta ya gifta ta damana.

Dada ce ta wuce ni. Tana tafe a miƙe, sanda a hannu, ƙafar dama na lanƙwasawa tana sauka kamar ta kowa, ta nufi tsakar gidanta. Sai a lokacin na tuna, duk makonnin nan a bayana take. A kafaɗa na san tafiyarta, ban taɓa ganinta da idona ba sai ranar.

Goggo ta rangaɗa guɗa, mata suka ɗauka. Ni na kasa gaba na kasa baya, na tsaya a tsakiyar zaure ina kuka kamar ƙaramar yarinya, mutane sun taru a bayana suna son shiga. Dada ta kai ƙofar ɗakinta ta tsaya. Ba ta juyo ba. Ta ce, da ƙarfin da kowa zai ji, "An tare wa mutane hanya. A shigo a sha fura, an sha tafiya."

Na share fuska na shiga.